Wa Zai Biya Kuɗin Hanya? Tarihin Harajin Mota a Birtaniya

Tun kafin a ƙera mota mutanen Birtaniya ke gardama a kan wanda ya kamata ya ɗauki nauyin hanya. Wasu na ganin hanya ta kowa ce, don haka a gyara ta da kuɗin kowa. Wasu kuma na ganin wanda ya bi ta shi ya cinye ta, shi ya kamata ya biya, gwargwadon yadda ya bi. An shafe fiye da shekara 450 ana kai da komo tsakanin waɗannan ra'ayoyi biyu, an gwada aikin tilas, an gwada shinge, an gwada harajin inji, na mai da na hayaƙi. Wanda ya bi tarihin a tsanake zai ga cewa masana sun daɗe da gano tsarin da ya fi kusa da adalci. Abin da ya hana shi tabbata shi ne rashin yarda tsakanin mai mota da baitulmali, kuma wannan rashin yarda yana da asali da za a iya nunawa da yatsa.

Zamanin aikin tilas da shingaye

A shekarar 1555 Majalisar Dokokin Ingila ta ɗora wa kowace ƙaramar gunduma alhakin hanyoyin da suka ratsa ta. Dokar ta wajabta wa magidanta su fito aikin hanya kwana huɗu a shekara ba tare da lada ba, mai keken doki ya kawo kekensa da dabbobinsa, talaka ya kawo ƙarfinsa. A 1563 aka mayar da kwanakin shida. Tsarin bai haifar da hanya mai kyau ba, kuma dalilin a fili yake. Manomin da ke ƙauyen da babbar hanyar Landan ta ratsa yana ganin fatake da manyan kekuna na nesa su ne ke farfasa hanyar, shi kuma ake tasa wa da aiki. Sai ya zama ana fitowa ne don sauke farali, a watsa ɗan tsakuwa a rami a koma gida.

A 1663 aka gwada wata dabara. Majalisa ta ba da izinin kafa shinge a garin Wadesmill, a kan babbar hanyar da ta tashi daga Landan ta nufi arewa, a riƙa karɓar kuɗin fito daga matafiya ana gyara hanyar da shi. A ƙarni na 18 dabarar ta bazu. Attajirai da masu filaye na yanki sukan haɗu su kafa kwamitin amintattu, su nemi doka daga Majalisa, su ci bashi su gyara hanya, sannan su kafa ƙofa su riƙa karɓar kuɗi suna biyan bashin. Zuwa shekarun 1830 irin waɗannan kwamitoci sun haura 1,000 a Ingila da Wales, ƙofofinsu kuwa sun kusa 8,000. A zamaninsu ne injiniyoyi irin su Thomas Telford da John McAdam suka koya wa duniya yadda ake shimfiɗa hanya da fasasshen dutse har ruwa ya riƙa gangarewa gefe.

Hanyoyi sun gyaru, amma shingen ya zama abin ƙi. A yammacin Wales, inda talauci ya yi katutu, manomi kan ɗauko farar ƙasar da yake zuba wa gonarsa, ya biya a wannan ƙofa, kafin ya yi nisa ya tarar da wata ta wani kwamitin dabam ya sake biya. Daga 1839 zuwa 1843 manoma suka riƙa fita cikin dare sanye da tufafin mata, fuskokinsu a shafe da baƙi, suna farfasa ƙofofin. Shi ne abin da tarihi ya sani da Boren Rebeka. Gwamnati ta tura sojoji, amma daga baya ta kafa kwamitin bincike, kuma a 1844 aka haɗe kwamitocin kudancin Wales aka rage kuɗin. Manoman ba su ce hanya ta zama kyauta ba. Kukansu shi ne yawan ƙofofi da rashin ganin inda kuɗin ke tafiya.

Jirgin ƙasa ne ya ƙarasa shingayen. Da fasinja da kaya suka koma kan dogo, kuɗin shiga ya ragu, bashi ya danne kwamitoci. A 1888 aka miƙa manyan hanyoyi ga majalisun larduna, a 1895 kuma aka cire ƙofa ta ƙarshe a tsibirin Anglesey. Nauyin hanya ya koma kan masu biyan harajin gidaje da filaye, daidai lokacin da mota ke shirin fitowa.

Alkawarin Lloyd George

Dokokin farko sun takura wa duk abin hawa mai inji. Ta 1865 ta ƙayyade gudu zuwa mil huɗu a awa a karkara, mil biyu a cikin gari, kuma dole mutum ya yi gaba da jar tuta yana gargaɗin jama'a. A 1896 aka sassauta, a 1903 aka kawo rajistar mota da lamba da lasin tuƙi, aka yarda da gudun mil 20 a awa. Nan da nan sabuwar matsala ta bayyana. Hanyoyin McAdam an yi su ne don ƙafar doki da kekensa. Tayar mota kuwa tana tsotse ƙasar da ta riƙe tsakuwar, ta tayar da ƙura ta rufe gidaje da gonaki. Maganin shi ne kwalta, kwalta kuwa kuɗi ce. Mutanen ƙauye suka fara tambayar dalilin da zai sa su biya gyaran abin da 'yan tsirarun masu hali ke lalatawa don nishaɗi.

David Lloyd George, Ministan Kuɗi, shi ya kawo sulhu a kasafin kuɗinsa na 1909. Ya sa harajin kwabo uku a kan kowane galan na fetur, a zamanin da kwabo 240 ke yin fam guda, ya kuma sa wa motoci haraji hawa-hawa gwargwadon ƙarfin inji. A madadin haka ya yi alkawarin cewa kuɗin zai tafi ga inganta hanyoyi, aka kafa Hukumar Hanyoyi don ta riƙa raba shi. Ƙungiyoyin masu mota suka amince bisa wannan sharaɗi. Ciniki ne aka ƙulla a bainar jama'a: ku biya, mu yi muku hanya.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka ƙara wa cinikin ƙarfi. An kafa Ma'aikatar Sufuri a 1919, sannan dokar 1920 ta samar da Asusun Hanya. Daga watan Janairun 1921 kowace mota ta fara biyan fam ɗaya a shekara a kan kowane ƙarfin doki na injinta, aka janye harajin fetur, aka kuma fito da wata 'yar takarda mai da'ira da ake liƙawa a gilashin gaba don shaidar an biya. Wannan takarda ta zauna a gilashin motocin Birtaniya shekara 93. Ko a lokacin, asusun bai taɓa ɗaukar dukkan nauyin hanyoyi ba, domin masu biyan harajin gidaje sun ci gaba da zuba kaso mai tsoka. Amma abin da ya zauna a zukatan direbobi shi ne takardar da ke gilashinsu ita ce rasit ɗin hanya.

Yadda haraji ya ƙera inji

Yadda ake lissafin ƙarfin dokin ya bar tabo a masana'antar motocin ƙasar. Ma'aunin da aka ɗauka yana duba yawan silinda da faɗin bakinta ne kawai, bai damu da tsawon tafiyar fistin a cikinta ba. Masu ƙera motoci suka gane ƙofar da aka bari, suka koma yin injuna masu ƙuntataccen baki da doguwar tafiya, don motarsu ta faɗa cikin rukuni mai araha. Motar Ford Model T ta Amurka, wadda ita ce ta fi kasuwa a Birtaniya kafin lokacin, ta wayi gari tana biyan fam 23 a shekara saboda faɗin silindarta, yayin da ƙaramar Austin Seven da ta fito a 1922 ke biyan fam takwas. Cikin 'yan shekaru kamfanin Morris ya sha gaban Ford, har sai da Ford ya ƙera wata ƙaramar mota musamman don kasuwar Birtaniya a 1932.

A cikin gida wannan ya zama kariya ga masana'antu. A waje kuwa ya zama cikas, domin masu saye a Ostareliya da Afirka ta Kudu da makamantansu, inda tafiya ke da nisa hanya kuma ba ta da kyau, sun fi son manyan injunan Amurka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da ƙasar ta matsu da neman kuɗin waje, aka yi watsi da ma'aunin, kuma daga 1948 sabbin motoci suka koma biyan fam 10 bai ɗaya. Darasin da aka koya shi ne duk abin da aka ɗora haraji a kansa, mutane za su sake fasalin rayuwarsu don su kauce masa. Za a sake koyon wannan darasi bayan rabin ƙarni.

Hannun Churchill a cikin asusu

Motoci sun yi ta ƙaruwa a shekarun 1920, kuɗi ya taru a Asusun Hanya fiye da yadda ake kashewa. Winston Churchill, wanda ya riƙe Ma'aikatar Kuɗi daga 1924 zuwa 1929, yana fama da giɓin kasafi da bashin yaƙi, sai idonsa ya faɗa kan rarar. A 1926 ya ɗebi miliyoyin fam daga asusun ya kai baitulmali, ya sake yi a 1927. Hujjarsa ita ce ana sa haraji a kan gidajen nishaɗi da mashaya da dawakin sukuwa, kuɗin ya tafi ga bukatun ƙasa gaba ɗaya, don me masu mota kaɗai za a ware musu nasu? Ya kuma yi gargaɗin cewa idan aka bar abin a haka, ba da daɗewa ba masu mota za su ɗauka hanyar mallakarsu ce. A 1928 ya dawo da harajin fetur, kwabo huɗu a galan, kuma wannan karon kuɗin bai bi ta asusun ba ko kaɗan.

Dokar kuɗi ta 1936, a zamanin Ministan Kuɗi Neville Chamberlain, ita ta yanke igiyar. Daga 1937 harajin mota ya koma shiga baitulmali kai tsaye kamar kowane haraji, Majalisa kuma ta riƙa ware wa hanyoyi abin da ta ga ya dace. Asusun ya ci gaba da wanzuwa a takarda har aka soke shi a tsakiyar shekarun 1950.

Hujjar Churchill tana da nauyi. Ƙasa ba za ta tafi daidai ba idan kowane rukuni ya ce harajinsa nasa ne, kuma mota tana jawo wa al'umma asarar da ta wuce gyaran kwalta: haɗari, jinyar waɗanda suka jikkata, aikin 'yan sanda, hayaniya da gurɓatar iska. Amma an karɓi kuɗin ne bisa alkawari, aka kuma warware alkawarin ba tare da an koma ga waɗanda aka yi wa an ƙulla sabo ba. Shi ya sa har yau miliyoyin direbobi a Birtaniya ke kiran abin da suke biya harajin hanya, suna ganin duk ramin da suka faɗa an ci amanarsu ne, wasunsu ma suna yi wa masu kekuna gorin cewa ba su biyan kuɗin titi. Abin da Churchill ya ji tsoro ya faru duk da ya kwashe asusun, kuma ya faru haɗe da ɗaci.

A wannan zamanin ne kuma aka fara duba manyan motoci. Kamfanonin jirgin ƙasa sun koka cewa su ke gina dogonsu da kuɗinsu, motocin dakon kaya kuwa na bin hanyar gwamnati da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Kwamitin da Arthur Salter ya jagoranta a farkon shekarun 1930 ya goyi bayan a ƙara wa manyan motoci haraji gwargwadon nauyinsu, aka kuma yi. Daga baya gwajin da injiniyoyin Amurka suka gudanar a jihar Illinois tsakanin 1958 da 1960 ya tabbatar da dalilin. Sun gano cewa idan nauyin da ke kan layin tayoyi ɗaya ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa hanya takan ninka kusan sau 16. Ke nan tirela guda da aka danƙara wa kaya tana cin kwalta fiye da dubban ƙananan motoci.

Rahoton da aka ajiye a durowa

An buɗe babbar hanyar zamani ta farko a kewayen garin Preston a 1958, hanyar M1 ta biyo baya a 1959, duka ba tare da shinge ba. Mota ta zama ta kowa, cunkoso ya shaƙe birane. Gwamnati ta nemi wani kwamiti ƙarƙashin masanin lissafi Reuben Smeed ya duba lamarin, rahotonsa ya fito a 1964. Tunaninsa mai sauƙi ne. Direban da ya shiga titin da ya riga ya cika yana ƙirga lokacinsa da mansa ne kawai, ba ya ƙirga jinkirin da ya ƙara wa ɗaruruwan da ke bayansa. Idan aka sa farashi a kan shiga wannan titi a wannan lokaci, mai uzurin gaske zai biya ya wuce, wanda zai iya jira ya jira, kowa ya huta. Kwamitin ya ce abin zai yiwu ko da na'urorin wancan zamani.

Babu gwamnatin da ta taɓa shi. Ƙasar Singafo ce ta ɗauki tunanin, ta fara karɓar kuɗin shiga tsakiyar birni a 1975 da takardar da ake liƙawa a gilashi, ta mayar da shi na na'ura a 1998. A Birtaniya kuwa, a ƙarshen shekarun 1970 gwamnatin Leba ta yi niyyar soke harajin shekara na ƙananan motoci ta ɗora shi a kan fetur, don kowa ya biya gwargwadon tafiyarsa, amma gwamnatin da ta gaje ta ta yi watsi da shirin.

Duk da haka, a hankali harajin mai ya zama ainihin kuɗin hanya ba tare da an sanar ba. Yana da fa'idodin da kowane ministan kuɗi ke so. Ana karɓarsa daga 'yan kamfanoni kaɗan tun kafin man ya bar matata ko tashar jiragen ruwa, kauce masa na da wuya, kuma mai doguwar tafiya da mai babbar mota su ne suka fi biya. Rauninsa shi ne bai san lokaci ko wuri ba. Ma'aikaciyar jinya da ke tuƙi a hanyar ƙauye da asuba, inda ba ta tare wa kowa hanya, kuɗinta ɗaya da wanda ya cusa motarsa tsakiyar Landan da ƙarfe takwas na safe. Harajin shekara kuma ya fi wannan rauni, domin tsohon da ke fita da motarsa sau ɗaya a mako da ɗan kasuwar da ke kwana kan titi abu ɗaya suke biya.

Boren mai da harajin hayaƙi

A 1993 Ministan Kuɗi Norman Lamont ya kawo tsarin ƙara harajin mai kowace shekara da kashi uku cikin ɗari sama da hauhawar farashi, da hujjar rage gurɓatar yanayi. Magajinsa Kenneth Clarke ya kai shi kashi biyar, Gordon Brown da ya biyo baya ya kai shi shida a 1997. Ko da aka dakatar da tsarin a 1999, haraji ya riga ya zama kaso mafi girma na kuɗin kowace lita. Da farashin ɗanyen mai ya tashi a shekarar 2000, manoma da direbobin manyan motoci suka tare ƙofar matatar Stanlow a watan Satumba, abin ya bazu zuwa sauran matatu. Cikin mako guda gidajen mai suka ƙafe, kantuna suka fara taƙaita sayar da burodi da madara, asibitoci suka shiga shirin ko-ta-kwana. Tun daga ranar 'yan siyasar Birtaniya ke taka-tsantsan da famfon mai.

A watan Maris na 2001 aka sake wa harajin shekara fasali, aka ɗora shi a kan yawan hayaƙin kabon da mota ke fitarwa a kowace kilomita. Manufar ta yi aiki, har ta zarce. Tun da injin dizal ya fi na fetur ƙarancin kabon, jama'a suka ruga gare shi, har ya kai kusan rabin sabbin motocin da ake sayarwa. Daga baya aka farga cewa dizal na fitar da wasu gubobin da ke cutar da huhu a birane, badaƙalar kamfanin Volkswagen ta 2015 kuma ta nuna cewa an yi wa wasu gwaje-gwajen hayaƙi maguɗi. A ɗaya ɓangaren, masu ƙera motoci sun yi ta rage kabon har motoci da yawa suka faɗa rukunin da ba ya biyan komai ko yake biyan ɗan kaɗan. Abin da ya faru da ma'aunin ƙarfin doki ya maimaita kansa.

Landan ta gwada, ƙasa ta ƙi

A ranar 17 ga Fabrairun 2003, Magajin Garin Landan Ken Livingstone ya fara karɓar fam biyar a rana daga duk motar da ta shiga tsakiyar birnin a lokutan aiki. Kyamarori ne ke karanta lambar mota, kuma doka ta ce rarar kuɗin ta tafi ga sufurin birnin, musamman motocin bas. An yi hasashen rikici, amma motoci suka ragu, aka kuma sake zaɓen Livingstone a 2004.

Wannan ya ƙarfafa wa gwamnatin ƙasa gwiwa. A 2005 Ministan Sufuri Alistair Darling ya gabatar da tunanin a bi kowace mota da tauraron ɗan Adam, a caje ta gwargwadon nisa da wuri da lokaci, daga 'yan kwabbai a hanyar ƙauye zuwa fam 1.34 a kowane mil a titi mafi cunkoso. Rahoton Rod Eddington na 2006 ya goyi baya da ƙarfi. Amma a farkon 2007 mutum kusan miliyan 1.8 suka sa hannu a takardar koke a shafin intanet na ofishin Firaminista Tony Blair suna ƙin amincewa. Tsoronsu biyu ne: gwamnati za ta san duk inda mutum ya je, kuma sabon kuɗin zai hau kan tsoffin haraji ne maimakon ya maye gurbinsu. Gwamnati ta kasa ba da tabbacin da zai kwantar da hankali, shirin ya mutu. Mutanen Edinburgh sun riga sun ƙi kuɗin cunkoso a ƙuri'ar raba-gardama ta 2005, na Manchesta suka bi sahu a 2008, kusan mutum huɗu cikin biyar suka ce a'a duk da alkawarin faɗaɗa layin jirgin cikin gari.

Birnin Stockholm na ƙasar Suwidin ya bi ta wata hanya. A 2006 aka gwada tsarin na wata bakwai tukuna, mutane suka ga motoci sun ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, sannan aka kai su rumfar zaɓe, suka amince. Gani ya kori ji. Mutanen Edinburgh da Manchesta an nemi su yarda da alkawari ne kawai, su kuwa sun gaji tarihin alkawarin hanya.

Motar da ba ta shan mai

Daga 2011 aka daskarar da harajin mai a kan kwabo 57.95 a kowace lita, a sabon lissafin da kwabo 100 ke yin fam, kuma a 2022 Ministan Kuɗi Rishi Sunak ya rage kwabo biyar. A watan Oktoban 2014 aka daina liƙa takarda a gilashi, tun da kyamara da kwamfuta sun isa su gane wanda bai biya ba. A 2015 Ministan Kuɗi George Osborne ya shaida wa Majalisa cewa idan aka bar tsarin kabon yadda yake, nan da 2017 sama da kashi uku cikin huɗu na sabbin motoci ba za su biya komai ba a shekararsu ta farko. Ya mayar da mafi yawan sabbin motoci kan fam 140 bai ɗaya daga shekara ta biyu, da ƙari ga masu tsadar da ta haura fam 40,000. Ya kuma yi alkawarin cewa daga 2020 harajin motocin Ingila zai riƙa shiga wani sabon asusun hanyoyi. Alkawarin Lloyd George ne aka sake ɗaukowa bayan shekara 106, shaidar cewa 'yan siyasa sun san inda ciwon yake.

Sai dai motar lantarki ta zo ta sauya lissafin gaba ɗaya. Gwamnati da kanta ta ƙarfafa sayenta, ta yafe mata harajin shekara, ta kuma sa ranar daina sayar da sabbin motocin fetur da dizal. Motar ba ta zuwa gidan mai, amma tana cika titi kamar kowace, kuma batirinta kan sa ta fi takwararta nauyi. A watan Fabrairun 2022 kwamitin sufuri na Majalisa ya yi gargaɗin cewa kimanin fam biliyan 35 da harajin mai da na mota ke kawowa a shekara na iya zaizayewa, ya ce bai ga wata mafita ba in ba biya gwargwadon tafiya ba. Ministan Kuɗi Jeremy Hunt ya janye yafiyar, motocin lantarki suka fara biyan harajin shekara daga Afrilun 2025. A watan Nuwamban 2025 Ministar Kuɗi Rachel Reeves ta sanar da cewa daga Afrilun 2028 za su biya kwabo uku a kowane mil, masu haɗa lantarki da fetur da ake iya yi musu caji kuma su biya rabin haka, ta hanyar karanta mitar tafiyar mota ba tare da an bi sawun kowa ba. Ƙasar Niyu Zilan ta daɗe tana cajin motocin dizal ta wannan hanya tun ƙarshen shekarun 1970, jihar Oregon ta Amurka kuma ta fara nata tsarin na sa-kai a 2015.

Karanta mita ya kawar da tsoron leƙen asiri, amma ya bar raunin harajin mai yadda yake, domin mita ba ta bambanta titin ƙauye da tsakiyar birni. Abin da Smeed ya nema a 1964 bai samu ba tukuna. Duk da haka, an amince da ƙa'idar cewa amfani da hanya ake biya, ba mallakar mota kaɗai ba, kuma wannan ƙa'ida ce mai kyau. Ko za ta ɗore ya danganta ne da abubuwan da tarihin nan ya yi ta nunawa. Dole sabon kuɗi ya maye gurbin tsoho a fili, yadda direba zai iya lissafawa da kansa. Dole a duba mutanen karkara da masu ƙaramin ƙarfi waɗanda ba su da bas ko jirgi. Dole manyan motoci su ɗauki kason da ya dace da ɓarnarsu. Sama da duka, dole gwamnati ta faɗi gaskiyar inda kuɗin zai je: idan na hanya ne a kashe shi a hanya a nuna lissafi, idan kuma na asibiti da makaranta ne a faɗa tun farko, a kare hujjar a gaban masu biya.